Keken Inna da Makullin Sito

Ku matso kusa, 'yan'uwana masu aikin kicin, musamman ku sababbin ɗauka, in ba ku labarin da har yau in ya faɗo mini sai hannuna ya mutu a kan muciya. Ranar wata Talata ce ta ƙi fita raina, ranar da na kai ɗan sanda gaban Yaya Kulu da ƙafata.

Shekarata goma sha huɗu ina tuƙa tuwo a wata makarantar kwana ta 'yan mata a nan Sakkwato. Ga wanda bai san tsarinmu ba, shugabar makaranta ce a sama, sai metiron mai kula da ci da kwanan ɗalibai, sai mai makullin sito, sannan mu masu tukunya. Mai makulli ke auno shinkafa da gero da mai kowace safiya, kuma ba a ba kowa shi sai wadda aka yarda da amanarta. Yaya Kulu ta riƙe shi shekara tara, ko gishiri bai taɓa yin ƙafa ba. Mijinta ya rasu, da aikin nan take riƙe marayu huɗu a unguwar Minanata.

Sati guda bayan sadakar arba'in ta mahaifiyarta, da hantsi, wani mutum cikin farar shadda ya yi sallama bakin kicin yana tambayarta. Na ɗauka mai ta'aziyya ne. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na ƙwala kira, "Yaya Kulu, kin yi baƙo!" Muryata kuwa kun san ta. Har metiron sai da ta leƙo.

Mutumin ya fito da katinsa ya ce, "Baiwar Allah, ana nemanki ofishinmu. An kai ƙararki kan satar keken ɗinki."

"Sata?" in ji metiron. Duk cikin maganar wannan kalma kaɗai ta ji.

Ashe Innarsu ta bar tsohon keken ɗinki a gidansu na Ƙofar Marke. Tun tana raye ta ce na Kulu ne, amma a ɗaki ta faɗa, babu shaida. Kulu ta ɗauke shi kafin a raba gado. Wanta Bello ya hasala, ya kai ƙara don kawai a tsorata ta. Da aka tambaye shi inda za a same ta, sai ya ba da sunan makaranta, wai kada 'yan unguwa su ga ɗan sanda a ƙofar gidansu.

A ranar aka ba da belinta. Washegari shugaba ta ba ta takardar dakatarwa. Ƙa'idar ita ce, ma'aikacin da ke da ƙarar sata a kansa zai ajiye makulli ya zauna gida, a ba shi wata uku ya kawo takarda daga 'yan sanda cewa an janye. In wa'adin ya wuce, a aika sunansa ma'aikatar ilimi a cike gurbinsa.

Ba a yi kwana goma ba Kawunsu ya tara su a zaure. Aka yi kuka, aka nemi gafarar juna, Bello da bakinsa ya ce ta riƙe keken. Kawu ya rufe taro da cewa duk wanda ya sake tada maganar bai yafe masa ba. Aka shafa fatiha.

Kulu ta zo makaranta da goro tana murmushi. Ina goge tebur a ofis na ji su.

"Ina takardar?" in ji shugaba.

"Ranki shi daɗe, ai an yi sulhu. Kawu da kainai yay yi addu'a."

"Kulu, na yarda da ke. Amma addu'ar Kawu ba ta shiga fayil."

Kulu ta je ofishin 'yan sanda, suka ce sai wanda ya kawo ƙara ya zo ya sa hannu.

Na bi ta gida na ce, "Yaya, wannan ai mai sauƙi ce. Ki gaya ma Bello shi tahi."

"Luba, Kawu yac ce wanda duk yat tada maganag ga bai yahe mai ba. Shi kaɗai yar rage muna madadin uwa. Ni za ni tada?"

"To ni in tahi."

"Ko ke kinka tahi, ni nat tada. Rantse min ba ki zuwa."

Na rantse. Ni da ba a san ni da riƙe magana ba, wannan karon na riƙe. Kullum ina cewa gobe za ta sake shawara. Shi kuwa Bello yana can yana zaton hutun rasuwa take yi.

Wata uku suka cika. Metiron ta kira ni ta miƙo mini makullin. Har da ɗan jan zaren da Kulu ta ɗaura masa.

Bayan kwana goma sha biyu sai ga Bello da takarda a hannu. Matarsa ce ta jiyo zancen a gidan suna. Ya ce sa hannun bai kai tafasar ruwan shayi ba. Shugaba ta karanta, ta ce suna ya riga ya tafi, an ɗauki wata. Ya fito ya tsaya daidai inda na shimfiɗa wa ɗan sandan tabarma, dattijo da furfura, hawaye na bin gemunsa.

"Don Allah, mi yas sa ba wanda yag gaya min?"

Ni yake kallo. Makullin yana ɗaure a bakin zanena.

Yanzu Yaya Kulu tana suyar awara a unguwar Gawon Nama. Keken yana ɗakinta lulluɓe da tsohon zanen Inna, ba ta taɓa taka shi ba. In na je sai ta tambaye ni ko ɓeraye sun daina shiga ta bayan buhunan gero.

Abin da na koya, gida yana gama magana da fatiha, ofis kuwa sai da sa hannu, kuma mu ƙananan ma'aikata mu ke faɗawa tsakaninsu. Duk wadda aka yi wa sulhu a zaure, tun kafin kowa ya sa takalminsa ta roƙi a biya ofishin 'yan sanda a janye ƙara.

Amma ku gaya mini tsakani da Allah, da ku ne ni, rantsuwar za ku riƙe, ko ƙofar Bello za ku je ku buga?