Bajimin da Bai Kai Kankiya Ba

Wata ranar kasuwa cikin bazara, shekarar da na shiga aji biyar, bajiminmu ya durƙusa a bakin hanya tsakanin garinmu Rimaye da kasuwar Kankiya, kumfa na zuba daga bakinsa, ya ƙi tashi. Baba ya ja igiya, ya murɗa masa wutsiya, ya juye masa ruwan butarsa a ka, duk a banza. Ina tsaye da sanda, ƙafafuna na zogi, na rasa wa zan tausaya wa, san ko kaina.

Wata takwas yana turke a gidanmu. Ɗan maraƙi Baba ya sayo wurin Fulani, haƙarƙari duk a waje, aka ɗaure shi ƙarƙashin rumfar kara. Niyyar ita ce in ya yi ƙiba a sayar a yi wa ɗakin Inna rufin kwano, don kowace damina sai mun jera tukwane muna tarar ruwa. Daga ranar wasa ya ƙare mini. Kafin makaranta in kwashe kashi, in dama dusa da 'yar kanwa. In na dawo, abokaina suna langa a ƙofar gida, ni ina sauko da harawa, ina jan ruwa guga bayan guga. Ya ci ya cika, tozo ya miƙe, gashi na sheƙi. Gaskiya na tsane shi, amma in maƙwabta suka ce "Tubarkalla," sai kaina ya kumbura.

Da lokacin sayarwa ya yi, Baba ya ce mai mota ba zai ci sisinsa ba. Inna ta ce, "Malam, san ga tun da ya shigo bai taka ƙofar gida ba." Ya ce, "Ba da ƙafa ya zo ba?" Ya manta wanda ya zo da ƙafa bai kai rabin wannan nauyi ba.

Can a bakin hanyar, azahar na gotawa numfashin bajimin ya fara sarƙewa, dole aka sa wuƙa kafin ya zama mushe. Mahautan da aka kira sun san ba mu da zaɓi, suka yi tayin wulaƙanci, Baba ya sallama bai ɗaga kai ba. Muka juyo gida, yana gaba da igiya a hannu, ina biye. Shekarar ba a yi rufi ba.

Yanzu dillalai har gida suke zuwa da mota, ciniki ya faɗa a turke. Baba bai sake turka sa ba har ya rasu, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Na daɗe ina jin haushinsa saboda wahalata ta wata takwas, ban taɓa tambayarsa yadda ya ji a hanyar dawowa ba. Sai yanzu nake son tambaya.