Ranar da Aka Sake Karya Min Ƙafa

Shekarun baya san huɗa ya take min ƙwauri a gonata ta Jajaye, ƙashi ya karye. Wani tsohon maɗori ya ɗaure da kara, ya ce kada in taka sai ya ba ni izini. Ciyawa ta fara cinye gyaɗata. Na kwance karan na tafi noma. Ƙafa ta haɗe a karkace kamar lauje.

Abokina, malamin lissafi a sakandare, ya goya ni a babur zuwa gidan tsohon a Kafin Dafga. Tsohon ya shafa ƙwaurin, ya ce:

"Sai an sake karyawa. In ta ƙi kamawa sai asibiti, wataƙila su yanke."

Ina da 'ya'ya, ba ni da sana'a sai noma. Ni da ɓarayin shanu suka taɓa sara ban yi kuka ba, amma a ranar nan, fitsari ya kusa kufce min.

Ƙarti suka danne ni a tabarma, aka cusa min tsumma a baki. Abokina ya ɗora kaina a cinyarsa, ya ce:

"Ni za ka kalla, sarkin taurin kai, ba ƙafar ba. Ka san lissafin da nake koyarwa, aljebra? Sunan ba na Turawa ba ne, daga Larabci suka ɗauko: aljabru, wato haɗa abin da ya karye. Wani malami ya sa kalmar a sunan littafinsa na lissafi, Turawa suka fassara littafin, kalmar ta bi su. Akwai ma ƙasarsu da a da haka ake kiran mai ɗori. Ka ga ni da Baba sana'armu ɗaya."

"Riƙe shi da kyau, Malam," in ji tsohon. "Naka ɗorin ba ya shuri."

Sai na ji ƙas! Ban ji sauran karatun ba.

Na daɗe a kwance. Kullum da safe sai na mintsini yatsun, ina tsoron in ga sun yi baƙi. Wannan karon ko karan ban taɓa ba. Ranar da tsohon ya kwance ɗaurin, ya ce, "Taka." Na taka. Ta ɗauke ni.

Ban yi boko ba, kalma ɗaya na sani a lissafinsu, ita ma da ƙashina na koye ta. Yanzu ina Jajaye, ina noma, ina ɗan ɗingishi. Duk ranar da 'yata ta dawo makaranta ta ce yau aljebra suka yi, sai ƙwaurina ya yi tsami.