Dorinda Mai Dawakin Kaya

Shekara talatin da ɗaya ke nan Dorinda tana jan dawakin kaya tsakanin bakin dutse da ƙauyen Supai, mil takwas na gangara cikin kwazazzabo. Ta gaji aikin ne daga mahaifinta, kuma ita da kanta take gyara wa dawakinta kofato. Gajeruwa ce, ga kauri, ba ta cika dariya ba. Baƙi masu zuwa ganin magangarar ruwa sun san ta da abu ɗaya: ba ta ɗora wa doki jaka sai ta ɗaga ta da hannu. In ta ji nauyi ya wuce, sai ta ajiye ta a ƙasa ta ce a buɗe.

An taɓa ciro kankana biyu da kaskon ƙarfe daga jakar wani baƙo. Ya ce ai dokin yana da ƙarfi.

"Kai ma kana da ƙarfi," in ji ta. "Ɗauki kankanarka."

Tana da wa guda, Elwood, wanda ya bar ƙauyen tun yana saurayi ya zama direban bas a birnin Phoenix. In zai zo gida, jirgi mai saukar ungulu yake hawa. Zaman kujera ya sa ya yi teɓa, ga ciwon suga. Ranar da ya ajiye aiki ya kira ta a waya.

"Ƙanwata, da ƙafata nake so in sauko gida. Har bakin ruwa."

Ta yi shiru.

"Kina ji na?"

"Ina ji, Yaya. Ina dai tunanin wace ƙafar kake nufi."

Amma da sati ya zagayo sai ta bar wa makwabcinta dawakin, ta tafi Phoenix. Ta tarar ya cika falo da sayayya: tanti mai ɗaki biyu, kujerar naɗewa, fitila uku, da sabon takalmi ko takardar cikinsa ba a cire ba. Ta ware abin da zai shiga jaka ɗaya, ta ce matarsa Lucille ta mayar da sauran shago. Takalmin kuwa ta ce ya sa shi kullum, ko zubar da shara zai je.

Ta cika galan biyu da ruwa ta saka masa su a jakar goyo, ta kai shi matakalar wani filin wasa. Ranar farko hawa uku ya yi ya zauna yana haki.

"Ke fa ba ki da imani."

"Kwazazzabon ne ba shi da imani. Tashi."

Kafin ta koma sai da ta bi shi wurin likita, ta ji da kunnenta abin da aka ce game da ƙafar mai suga. Ta koya wa Lucille duba tsakanin yatsunsa kowace safiya. Daga nan duk Lahadi sai ta kira, kuma ba shi take tambaya ba, Lucille take tambaya, don ta san wanta da ƙarin gishiri.

Da watan Yuli ya kama, Elwood ya ce ya shirya. Ta ce a'a. Zafi yana kashe mutum a hanyar, kuma lokacin ne hadari ke zubar da ruwa can nesa, ambaliya ta biyo kwazazzabo alhali sama tana garau. Ya yi fushi, ya kashe waya. Ba ta lallashe shi ba. Sai Oktoba ta ce ya taho.

Da asuba suka fara sauka, shi a gaba da sandarsa, ita a baya tana jan wata tsohuwar goɗiya da ba a ɗora mata komai ba. Ya ce goɗiyar ta mece ce. Ta ce motsa jiki take yi ita ma.

Ya yi ƙoƙari ƙwarai. Sun wuce mil shida, har sun fara jin ƙarar rafi, sai Dorinda ta lura yana taka gefen ƙafar hagu. Ta zaunar da shi kan dutse ta zare takalmin. Diddigen ya saluɓe, safa ta jiƙe da jini, shi kuwa bai ma ji ba.

"Hau goɗiya."

"Saura mil biyu fa, Dorinda! Wata bakwai ina hawa matakala!"

"Na sani. Ni na sa ka. Amma ba zan kai wa Lucille miji da ƙafa ɗaya ba."

Ya roƙe ta, ya zage ta, har ya share hawaye. Ta tsaya riƙe da linzami, sai da ya gaji ya hau. Haka ya shiga ƙauyensu, kansa a sunkuye, tsofaffin abokansa na yi masa tsiya daga ƙofar shago.

Kwana biyu bai yi mata magana ba. Ita dai safe da yamma ta wanke ciwon ta naɗe, ta ajiye masa wake da gurasa ta tafi wurin dawakinta. A kwana na goma sha ɗaya ta duba diddigen, ta miƙa masa takalmi.

Daga ƙauye zuwa magangarar mil biyu ne, kuma da ƙafarsa ya yi su. Da suka karya kwana ya hango shuɗin ruwan yana zubowa daga jan dutse, sai ya tsaya ya daɗe yana kallo. Can ya gangara bakin tafkin yana kwance igiyar takalmi.

"Ta dama kawai," in ji Dorinda.

Ya juyo ya harare ta. Sannan ya fashe da dariya, ya zauna ya tsoma ƙafar dama, ta hagun kuma ya ɗora ta bisa dutse.