Matajin da Ke Faɗuwa Kowace Safiya

Mai Aski mutum ne da duk unguwa ke sunkuya wa kai. Direba ne, malamin makaranta ne, ɗan sanda ne, in dai ya hau kujerar shagonsa, yatsa biyu zai ɗora masa a ƙeya ya ce, "Sunkuya," kuma dole a sunkuya. Da wannan yake cika baki, wai har mai gidan hayarsa yana duƙa masa duk wata. Shagon ɗan tsukuku ne: madubi mai tsagewa a gefe, injin aski biyu, ɗaya sai an buga shi a tafin hannu yake tashi, sai bencin masu jira da masu gulma.

A kan kujerar nan ya rasa ɗansa, ko da yake a asibiti yaron ya cika. Ya tashi ne da zazzaɓi da ciwon kai, uwar ta ce suma ce ta yi masa yawa, a rage masa ya sha iska. Mai Aski ya ce ya sunkuya. Yaro ya ƙi. Ya danna masa ƙeya, yaro ya ƙwalla ƙara. "Rigima irin ta dangin uwarka," in ji shi, ya ƙarasa askin a haka. Washegari likita ya ce sanƙarau ne, kuma an makara.

Shi ya sa da aka zo neman yaran da za a gwada sabuwar allurar rigakafin sanƙarau a kansu, shi ne farkon layi, riƙe da hannun Auta, 'yar da ta rage masa. Nas ta yi masa bayani dalla-dalla. Za a ɗebi jini kafin allura, a sake ɗiba bayanta, a haɗa jinin da ƙwayoyin cutar a ga ko ya koyi kashe su. Sai dai wasu yaran sabuwar za su samu, wasu wata tsohuwa da aka saba, kuma ita kanta ba ta san wa ya sami wacce ba.

"Ke da za ki tsira allurar da hannunki?"

"Ni ɗin, Baba. Haka tsarin gwajin yake."

Bayan kwana biyu maƙwabcinsa mai walda ya shigo shago yana washe baki. Shi ma an yi wa ɗansa allurar, hannun yaron ya kumbura, har da ɗan zazzaɓi. "Tamu kam ta kama!" in ji shi. Ita kuwa Auta ko gezau, tsalle-tsallenta take yi. Abin tausayi, mutumin da zazzaɓi ya raba da ɗansa ya koma taɓa goshin 'yarsa yana fatan ya ji zafi. Nas ta ce kumburi ba ya nuna komai, jini ne zai faɗa. Ya ce to, amma hankalinsa bai kwanta ba.

Don haka ya ɗora nasa gwajin. Kullum kafin Auta ta tafi makaranta sai ta biyo shago, ya ce, "Sunkuya," haɓarta ta taɓa ƙirji, sannan ya iya karyawa.

Da aka kammala gwajin aka tara iyaye a zauren asibiti. Likita ta ce an dace, jinin mafi yawan yaran ya amsa. Aka yi tafi. Aka gaya masa Auta sabuwar ta samu, ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Sai kalmar "mafi yawa" ta tsaya masa a rai.

"Likita, sauran fa?"

"Wasu kaɗan jininsu bai amsa sosai ba. Wasu kuma kariyar takan ragu a hankali."

"Tawa tana cikin waɗanne?"

"Sakamakon na yaran ne a haɗe, Baba, ba na ɗai-ɗai ba. Amma in ta yi zazzaɓi, wuyanta ya ƙage, ku garzayo da ita."

"Wannan kam an riga an koya mini," ya ce a hankali.

Wata safiya Auta ta shigo a kumbure, sun yi faɗa da uwarta. Ya ce ta sunkuya. Ta ƙi. Fushi ne ko ciwo? Mai Aski ya ɗaga yatsunsa biyu, suka tsaya a iska. Hannun da ya lanƙwasa wuyan unguwa kaf ya kasa sauka a ƙeyarta. Tsoro ya kama shi har matajin da ke ɗaya hannun ya suɓuce, ya faɗi gaban ƙafarta. Ta kalli ƙasa. Haɓa ta taɓa ƙirji.

Tun daga ranar bai sake ce mata ta sunkuya ba. Matajin ne dai ke faɗuwa kowace safiya, daidai lokacin da ta shigo. 'Yan benci suna ta tsokanarsa wai tsufa ya kama masa hannu, shi kuwa ba ya tanka musu sai Auta ta duƙa ta ɗauko.