Ni Na Koya Masa Ya Ce "Da Sauƙi"

Ranar Alhamis ɗin nan ƙanena Isiyaku zai cika shekara tara a ƙasa. Mutane sukan ce lokaci na rage raɗaɗin rashi, kuma ya rage. Abin da bai rage mini ba shi ne fargaba, don ita kullum ƙara girma take yi, kamar yadda 'yata Hauwa ke girma a gabana da irin halinsa.

Tsofaffin unguwar Wunti a Bauchi za su tuna shi. Shi ne mai ɗinkin hular nan da ke zama a can ƙuryar zaurenmu, ya ba titi baya, kunnuwansa cushe da auduga. Ƙarar babur tana shigarsa kamar allura. Sabuwar shadda kuwa ba ya sa ta sai an wanke ta sau uku, wai tana cizonsa. Muna yara mukan yi masa dariya, mu ce Isiyaku sarkin tsirfa. Amma in na tafi da shi Kasuwar Muda Lawal sayen zare, sai ya rufe ido ya shafa, ya ture na jabu gefe, mai shago yana ta rantse-rantse. Zanen hulunansa ba ya kwaikwayon na kowa. Akwai wadda ya ce mini ruwan sama ne a kan kwanon ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Na duba, na duba, ban ga ruwa ba, amma har yau wanda ya saye ta bai yarda ya rabu da ita ba.

A lokacin ba mu san sunan abin ba. Wasu su ce miskili ne, wasu su ce taɓin iska. Sai bayan rasuwarsa, da na kai Hauwa wurin likita, na ji kalmar otizim, sunan da likitoci ke kiran irin wannan hali, aka yi mini bayani, na zauna ina jin kamar tarihin ƙanena ake karanta mini.

Babban abin da ya dame mu da shi shi ne gaisuwa. Kun san mu, gaisuwa ita ce mutunci. Isiyaku kuwa in an ce masa ina gajiya, sai ya tsaya yana tunani, sannan ya faɗi ainihin inda gajiyar take. Wata rana Gwaggo Asabe, ƙanwar babanmu, ta tambaye shi ya gida, ya ce mata Inna da Baba ba sa magana tun jiya. Ranar na sha kunya har na rasa inda zan sa kaina. Ni ce babba, kuma malamar makaranta ce ni, don haka na zaunar da shi na yi abin da na iya: hadda. Ina kwana, lafiya. Ina gajiya, ba gajiya. Ya jiki, da sauƙi. Na ce masa ko me yake ji, amsar ke nan, ba a canzawa. Ya tambaye ni, "Yaya, ko da babu sauƙin?" Na ce ko da babu. Isiyaku kuwa in ya riƙe doka, ya riƙe ta ke nan. Dangi suka yi ta yaba mini, wai na gyara shi.

Yana da shekara talatin da huɗu ciwon ciki ya kama shi. Kwana huɗu muna leƙa shi muna tambaya ya jiki, yana cewa da sauƙi. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar Isiyaku ba ta taɓa ba da labari ba, ko a daɗi ko a wuya. Yana zaune da hula a hannu yana ɗinki, muka ce ai mai ɗinki ya warke. Rana ta biyar ya faɗi a zaure. Likitan da ya duba shi ya ce wani abu ne ya fashe a cikinsa, da an kawo shi da wuri da ƙaramin aiki ne. Ya tambaye ni me ya sa muka jinkirta. Na buɗe baki zan ce ai shi ya ce da sauƙi, sai na tuna wanda ya sa masa maganar a baki.

Bayan sadakar bakwai na ɗauko hular da yake ɗinkawa. Mutumin da bai taɓa karkata layi ba, ya yi ta ɗora ɗinki a kan ɗinki a wuri guda, har wurin ya yi tauri kamar ƙwallon goruba. Ban sani ba ko magana yake yi mana da allurar, ko hannunsa ne kawai ya kasa gaba. Na dai san kwana huɗu hular tana gabanmu, ba wanda ya duba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da Bauchin yau. Keke mai ƙafa uku ya cika Wunti, kowane shago da janaretonsa, ina jin audugar duniya ba za ta ishe shi ba. Amma da ya so waya. Hauwa, wadda yanzu take da shekara ashirin da uku, tana ɗaki ina tsakar gida a nan gidanmu na unguwar Tirwun, sai ta rubuto mini abin da bakinta ya kasa faɗa. Da Isiyaku ya samu wannan, wataƙila da ya rubuta. Wataƙila kuma da sauƙin zai rubuto, tunda ni na ce ba a canzawa.

Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga igiya gudu yake. Duk ranar da Hauwa ta yi shiru fiye da yadda ta saba, gabana faɗuwa yake. Ba na tambayarta ya jiki. Nakan ce ta nuna mini wurin da yatsa. Abin da ke hana ni sukuni shi ne ba zan dawwama ba, kuma waɗanda za ta zauna da su bayana da gaisuwa za su tambaye ta, su karɓi amsar gaisuwa, su wuce.

Makon jiya zazzaɓi ya kwantar da ita. Gwaggo Asabe, da sandarta da komai, ta zo dubiya, ta zauna bakin gado ta ce, "Hauwa'u, ya jiki?"

Hauwa ta dubi bango ta ce, "Babu sauƙi, Gwaggo. Kaina ne, nan bayan ido, kuma turarenki yana ƙara shi."

Gwaggo ta riƙe baki, ta juyo gare ni. "Ke Zainabu, ba ki koya wa yarinyar nan gaisuwa ba? Ke da kika gyara Isiyaku?"

Abin da ya rage mini na ƙanena shi ne hula guda da ba a gama ba, da kuma wannan amsa ta Hauwa, wadda ya saya mata da ransa. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini. Na ce wa Gwaggo a'a, ban koya mata ba, kuma muddin ina numfashi ba wanda zai koya mata.