Inna Talatu da Leshinta

Na kafa kyamara a Gubi, inda mata ke fasa dutse, sai ga Inna Talatu cikin sabon leshi, har da jan baki. Wata biyu ina lallashinta kafin ta yarda ta fito a fim ɗinmu.

Na ce, "Inna, ai wahalarku muke son duniya ta gani. Ina kayan aikinki?"

Ta miƙo min tafin hannunta, duk ya yi kanta. "Ɗan nan, ga wahalar, ɗauki. Amma surukaina na Gwallaga suna da babbar waya, ba za su gan ni cikin tsumma ba."

Haka ta zauna tana fasa dutse, tana gyara ɗaurin ɗankwali.

Ni dai kunya ta kama ni. Ku fa, da kun ce ta canza?