Bukar Bai Taɓa Kankare Lamba Ba

Shekara bakwai ke nan da muka raka Bukar makwancinsa, amma a watan jiya sai na ji kamar ya sake yi mini magana.

Rumfa ɗaya muka zauna da shi a hanyar kasuwar shanu, nan Potiskum, muna gyaran kayan lantarki. Mu masu haɗa allon na'ura, wato faifan da ake jera ƙananan kayan lantarki a kai, muna da wata al'ada: in ka gama aiki, sai ka sa sanfefa ka kankare lambobin da ke jikin ƙananan kayan, don kada wani ya kwaikwaye ka. Ni gwani ne a wannan, ba zan ɓoye ba. Bukar kuwa bai taɓa yi ba. Yana zana allunansa da wata manhaja ta kyauta wadda kowa ke iya gyara ta, kuma duk wanda ya roƙi zane sai ya ba shi. Nakan ce masa ya ba kura ajiyar nama. Sai ya yi dariya ya ce, "To ɗan'uwa, ran da ba na nan, wa zai gyara?"

Ranar kuwa ta zo. Allon da ya haɗa wa wata rijiyar burtsatse mai sola a Gadaka ya ƙone ana tsakiyar zafi, mata suka koma dogon zango neman ruwa. Aka kawo mini. Zanen yana cikin tsohuwar kwamfutarsa da matarsa, Hajja Falmata, ta adana, amma kwamfutar ta ƙi tashi, fayil ɗin kuma tsohuwar manhajar da ke cikinta kaɗai ke buɗe shi. Kwana uku ina zare ido.

Ashe masu kula da manhajar sun koma wani sabon tsarin fayil da ake buɗewa a intanet, ko da waya. Na kwance kwamfutar na ciro fayil ɗin daga ma'ajiyarta, na juya shi zuwa sabon tsarin, sai ga zanen Bukar a tafin hannuna. A gefen wani layin da wuta ke bi ya rubuta: "Nan na sirantar da yawa. Kuskurena ne. In ya ƙone, ku fara dubawa nan." Nan ɗin ne kuwa. Washegari ruwa ya dawo Gadaka, ni kuma na zauna a rumfa na sha kukana.

Da yana raye, na san sai ya yi mitar rashin sabis a ƙauyukan Fika irin su Gadaka. Amma ba na shakka zai yi murna, don abin da ya daɗe yana so ke nan. Da izinin Hajja na ɗora zanukansa duka a intanet, kowa ya ɗauka. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allunan da na kankare suna nan a gidajen mutane, kuma ran da na bi Bukar babu mai iya karanta su. Na fara zana su ɗaya bayan ɗaya. Sanfefar kuwa na ba kafintan da ke kusa da mu. Allah Ya jiƙan Bukar.